Jirgin da ya kife bisa hanya

Duk wanda ya taɓa bin kwalta da dare ya san abin da rassan itace ke nufi in ya gan su jere tsakiyar hanya. Wata babbar mota ce ta faɗi ko ta lalace a gaba, karen mota ya sauka ya saro ganye ya zuba don mai zuwa ya rage gudu. Kuma mun sani, sau da yawa ba motar da ta faɗi ke kashe mutane ba, ta biyu ce, wadda ta zo a guje ta afka mata. To, a wannan wata irin wannan haɗari zan ba ku labarinsa, amma bisa teku, inda babu itacen sara, babu kuma gefen hanya da za a ja mushen a yar.

Tsakanin Ingila da Faransa akwai wani mashigin teku da mutanen Ingila ke kira Dover, Faransawa kuma Pas de Calais. Inda ya fi ƙunci faɗinsa kilomita 33 ne, tafiyar yini ga mai jaki. Amma manyan jirage fiye da 400 ke ratsa shi kowace rana, ban da masu ƙetarawa da fasinja daga gaɓa zuwa gaɓa, ban da na masunta. Kada mu ce abin ya yi mana nisa. Tsofaffin motocin da ake lodi a tashar Anvers ta Beljiyam a sauke a Kwatano, har su iso Maraɗi, ta wannan ƙofa suke fitowa. Ruwan wurin ba shi da zurfi sosai, akwai tuddan rairayi a ƙarƙashi, ga hazo mai kauri lokacin sanyi. Jirgin da ya nutse a irin wannan wuri ba ya ɓacewa ƙasa. Kwanciya yake yi dab da saman ruwa, ya zama dutse inda jiya babu dutse.

Ran 11 ga watan Janairu 1971, da duhun asuba, wani jirgin Peru mai suna Paracas ya yi karo da jirgin dakon mai Texaco Caribbean. Tankunansa babu mai, sai tururin mai, shi ne ya kama. Jirgin ya fashe da ƙarar da ta fasa gilasan tagogi a garin Folkestone, ya rabe biyu ya nutse. Mutum 8 sunka mutu. Kashegari, ran 12, jirgin Jamus mai suna Brandenburg ya zo ya hau mushen, cikinsa ya tsage, ya nutse cikin ƴan mintoci da mutum 21. Hukuma ta kawo jirgi mai fitila ta girke a wurin, ta kewaye wurin da gorunan alama. Goran alama wani ƙaton gora ne na ƙarfe mai iyo, an ɗaure shi da sarƙa a ƙasan teku, da fitila bisa kansa. Duk da haka, ran 27 ga Fabrairu jirgin Girka mai suna Niki ya shiga tsakiyar alamun ya bugi mushen, ya nutse da duk waɗanda ke cikinsa, su 22. Ku lissafa da kanku. Haɗarin farko ya ci 8, mushensa ya ci 43.

Abin ya girgiza masu mulkin teku, kuma gyara biyu sunka fito daga ciki. Na farko, raba hanya. Tun 1967 an shata wa jirage layi biyu a mashigin, masu gangarawa kudu su bi gefen Ingila, masu hawa arewa su bi gefen Faransa, amma shawara ce kawai, wanda ya ga dama ya bi. Bayan 1971 anka kafa masu gadi da na'urar hangen jirage a gaɓar Dover, Faransa ma ta kafa nata a Gris-Nez, kuma daga 1977 bin layin ya zama tilas bisa dokar duniya. Na biyu, harshen alamu. A lokacin akwai tsarin goruna fiye da 30 a duniya, har launin da ke cewa bi dama a wata ƙasa yana cewa bi hagu a wata. A 1980 ƙasashe sunka daidaita bisa tsari guda mai yanki biyu. Ko a nan ba a gama shiryawa ba, don har yau jan gora yana hagun mai shiga tasha a Turai da Afirka, yana damansa a Amurka da Japan. Amma dai 2 ya fi 30 sauƙin riƙewa.

Mutum zai ce shi ke nan, an yi maganin abin. Sai ga shekara ta 2002.

Ran 14 ga Disamba, wajen ƙarfe biyu na dare, cikin hazo, jirgin Norwe mai suna Tricolor yana tafe daga Zeebrugge ta Beljiyam za shi Southampton ta Ingila. Tsawonsa mita 190, cikinsa sababbin motoci fiye da 2,800, irin su BMW da Volvo da Saab. Wani jirgin kwantena mai suna Kariba ya karkata don ya kauce wa jirgi na uku, sai ya soke shi a haƙarƙari. Irin waɗannan jirage na dakon motoci cikinsu fili ne fetal, hawa bisa hawa, babu bangaye da yawa da za su tare ruwa. Da ruwa ya samu ƙofa sai ya kwarara gefe guda. Cikin rabin awa jirgin ya kife ya kwanta bisa gefensa. Allah ya kiyaye, mutum 24 da ke ciki duk anka tsamo su da rai.

Ga inda matsalar take. Zurfin ruwan wurin wajen mita 30 ne, faɗin jirgin kuma mita 32. Ruwan teku yana cika yana janyewa sau biyu a yini. In ya janye sai a hangi gefen jirgin kamar bayan dorina, in ya cika sai ya rufe shi ruf. Kuma ya kwanta ne arewa da garin Dunkerque, a mararrabar da jirage ke rabuwa, wasu su nufi Beljiyam, wasu su miƙe arewa.

Hukumar tekun Faransa, wadda mazauninta ke Cherbourg, ta ba da umurni jirage su nisanci wurin, ana ta maimaita gargaɗi a rediyo. Kwana biyu ba su cika ba jirgin kaya mai suna Nicola ya zo ya hau mushen, sai da anka jawo shi. Anka ƙara tsaro. Anka kewaye wurin da goruna masu fitila, ɗaya har da na'urar da ke bayyana a allon hangen kowane jirgi. Anka girke jiragen gadi, na jandarmomin Faransa da na sojan ruwan Ingila, suna kiran duk wanda ya doso. To, ran 1 ga Janairu 2003, kwana 18 bayan haɗarin, labarin ya gama duniya, sai ga jirgin Turkiyya mai suna Vicky ɗauke da tan 70,000 na man gas. Ya wuce gargaɗi, ya wuce goruna, ya hau Tricolor ya zauna. Sai da ruwa ya cika ya samu ya zame. Da ya fashe yadda Texaco Caribbean ya fashe, da wani labari ake yi.

Na daɗe ina juya wannan abu a raina. Yaya mutum mai ido, da na'ura, da rediyo, zai afka wa abin da duniya duka ta san yana nan? Abin da na fahimta shi ne, jirgi ba shi da birki. Babban jirgin mai in yana cike yakan yi kilomita 3 ko fiye kafin ya tsaya, ko da an juya inji baya. Wanda bai shirya kaucewa tun daga nesa ba, lokacin da zai ga goran ya riga ya makara. Shirin kuwa a takarda yake farawa. Gargaɗi yana shigowa jirgi a rubuce ta wata ƴar na'ura, tare da wasu saƙonni barkatai na iska da na fitilun da sunka mutu. Sai wani ya karanta, ya ɗauki alƙalami ya sa alama a taswira, ya kuma gaya wa wanda zai karɓe shi aiki. In ɗaya daga cikin ukun nan ya faɗi, jirgin zai bi layin da ya saba bi shekara da shekaru. Ga ma'aikata kaɗan, ga gajiya, ga mai jirgi yana ƙirga kowace awa da kuɗi. Sannan gorunan da anka sa irin waɗanda matuƙi ke gani kullum ne, baƙi da rawaya, masu cewa bi ta arewa da ni ko bi ta kudu da ni. Cikin dare, tsakiyar fitilun jirage da yawa, ba su yi masa ihu cewa ga sabon abu ba.

Wani zai tambaya, don mi ba a rufe hanyar gaba ɗaya ba har a kwashe mushen? Ba shi yiwuwa. Dokar teku ta 1982 ta ce mashigin da duniya ke bi, ƙasar da ke gaɓarsa ba ta da ikon dakatar da wucewa. Kuma Tricolor ya kwanta ne wajen ruwan da ke cikakken mallakar Faransa. Tana iya gargaɗi, tana iya gadi, tana iya tilasta wa mai jirgi ya kwashe kayansa, amma ba ta iya sa shinge kamar na duwan ta tsai da kowa. In ma ta iya, jiragen da ke ciyar da Rotterdam da Hamburg sai sun kewaye ta bayan Ingila da Sikotilan, kwanaki a banza.

A kwatanta da abin da ya faru a Amurka ran 8 ga Satumba 2019. Jirgin motoci mai suna Golden Ray ya kife yana fita daga tashar Brunswick a jihar Jojiya, da motoci fiye da 4,000. Bincike ya nuna an yi kuskuren lissafin ruwan da ake zubawa a gindin jirgi don ya yi nauyi daga ƙasa. Nan cikin gidan Amurka ne, saboda haka masu gadin gaɓa sunka rufe tashar nan take, sunka hana kowane jirgi, har kwalekwale, kusantar wurin da kusan mita 800. Mutum 4 na maƙale a ɗakin inji, sai kashegari anka huda cikin jirgin anka fito da su da rai. Masu wannan aiki suna bukatar ruwa kwance, don igiyar ruwan da babban jirgi ke tayarwa in ya wuce tana iya girgiza mushen ta hallaka su. Bayan kwana 4 anka soma barin jirage su wuce ɗaya ɗaya, a hankali. Mushen ya yi shekara 2 a wurin, sai a Oktoba 2021 anka ɗauke yankinsa na ƙarshe, kuma babu babban jirgin da ya hau shi. Ni a ganina ba don matuƙan can sun fi hankali ba ne. Ƙofa ce guda, mai gadi guda, kuma kowane babban jirgi sai ɗan gari ya hau ya ja shi.

A irin wannan hani ba manyan jirage kaɗai ake kora ba. Akwai ƴan kallo, masu ƙananan jirage da ke son ɗaukar hoto, da masunta da ke ganin an raba su da wurin abincinsu. Su kam ina tausaya musu, don su ba su kifar da jirgi ba, kuma su ne ke asarar kamu wata da watanni. Amma mushen jirgi ba ya zama lafiya. A Tricolor, ran 22 ga Janairu 2003, jirgin masu aikin ceto da kansa ya bugi murfin wani tanki, baƙin mai ya malalo, dubban tsuntsayen teku sunka mutu a gaɓar Beljiyam da Faransa da Holan. In masu sana'ar sun yi haka, ina ga ɗan kallo?

Daga wahalar Tricolor anka ƙago sabon gora na musamman, wanda hukumar jiragen ruwa ta duniya ta sanar a 2006. Jikinsa zane ne a tsaye, shuɗi da rawaya, fitilarsa tana ba da shuɗi ta ba da rawaya bi da bi. Babu wata alama a teku mai irin wannan haske, kuma ba a sa shi sai bisa sabon mushe, har lokacin da labari zai kai ko'ina a gyara taswira. A 2007 kuma ƙasashe sunka sa hannu a Nairobi bisa yarjejeniyar da ta fara aiki a 2015. Ta ce kyaftin ya ba da labari ba da jinkiri ba, ƙasar da ke kusa ta nemo mushen ta sa alama, mai jirgi ya biya kuɗin nema da na alama da na kwashewa. Don kada ya ce ba shi da ko dala, duk jirgin da girmansa ya kai tan 300 dole ya riƙe inshorar wannan.

Shi kuwa Tricolor, ɗaga shi ɗungum bai yiwu ba. A damanar 2003 anka zura wata igiyar ƙarfe mai kaifi ta ƙarƙashinsa, injuna biyu suna ja, wannan ya ja wancan ya saki, kamar masu zarto. Haka anka yanka shi gunduwa 9, kowace wajen tan 3,000, igiyar tana ratsa ƙarfe da inji da motocin da ke ciki. Iska da sanyi sunka tsai da aikin, sai a Oktoba 2004 anka ce hanya ta buɗe, anka janye jiragen gadi bayan wata 22. Motocin nan 2,800 ko ɗaya ba ta taka kwalta ba, duk wurin masu narka ƙarfe anka kai su.