Taron Tarho: Arahar da Kasuwa Ta Gane, Biro Ya Kau da Kai

Daga Maraɗi zuwa Yamai tafiyar kilomita wajen 660 ce, daga Damagaram kuwa kusan 900. Duk darektan jaha da aka kira taron awa biyu a babban birni, sai ya ɓata kwana uku: ɗaya a tafiya, ɗaya a zauren taro, ɗaya a komawa. Ga kuɗin mai, ga gyaran mota, ga masauki, ga guzurin direba. Baitulmali ke biya, wato ɗan kasuwa da talaka masu biyan lanho.

A da akwai uzuri. Zamanin taron ƙasa na 1991, tarho sai a gidan waya, da birori, da gidajen manyan alhazai, kuma samun layin wani gari aiki ne na mai haƙuri. Uzurin ya fara raguwa tun da kamfanin Celtel ya shigo da wayar salula a 2001. Yau ƙaramar salula ma tana iya haɗa mai kira da mutum biyar a layi guda: ya kira na farko, ya dakatar da shi, ya kira na biyu, ya haɗe su. A WhatsApp kuwa, tun 2022 mutum 32 na iya tattaunawa da murya lokaci ɗaya, kuma murya ba ta cin kuɗin intanet kamar hoto.

Ƴan kasuwa ba su jira wata doka ba. Mai albasa a Galmi yakan haɗa direbansa da ke hanya da dillalinsa na Abijan ko Ankara, su yanke inda za a sauke kaya kafin rana ta faɗi, don albasa ba ta jiran mai dogon shawara. Alhajin Maraɗi yakan ji farashin naira daga Kano da Katsina yana zaune a kantinsa. Dalili a fili yake: kowace jika da ta tafi a hanya, daga aljihunsa ta fita.

To, me ya hana gwamnati? Amsar ba ɓoyayya ba ce ga kowane ma'aikaci: kuɗin misiyon. A shekarun 1990, lokacin da albashi ke yin watanni bai fito ba, ga kuma darajar sefa da aka karya da rabi a Janairun 1994, fita misiyon ta zama cikon albashi. Ba za a zargi magidancin da ya ciyar da iyalinsa da ita ba. Amma abin da aka fara don larura ya zama al'ada, har ana shirya taro don tafiyar, ba tafiya don taron ba. A 2020, da annobar korona ta sa aka killace Yamai, an yi taruka da dama daga nesa, kuma aiki bai tsaya ba.

Masu ja da wannan ra'ayi za su ce zuwa da kai ya fi aike. Gaskiya ne, a inda ya dace. Ba a duba rijiya ko ajin makaranta ta tarho, ba a kuma ƙulla amana da baƙon ido ta layi. Akwai ƙauyukan da layin ke yankewa, akwai sirrin da bai kamata ya bi iska ba. Haka nan maganar da ba a rubuta ba, gobe ana iya musunta. Maganin wannan shi ne tsari: a sanar da abin da za a tattauna tun da wuri, a naɗa mai raba magana, a rubuta abin da aka yanke, a aika wa kowa a ranar.

Saboda haka ya kamata a juya ƙa'idar. Taron tarho ya zama shi ne hanya, tafiya kuwa sai mai sa hannu a takardar misiyon ya rubuta abin da ya sa waya ba za ta wadatar ba. Kowace ma'aikata ta bayyana wa jama'a abin da ta kashe a misiyon cikin shekara. Rarar da aka samu kuma a ga wurin da ta shiga, a alawus ɗin ƙananan ma'aikata da kayan aikin jahohi, don kada gyaran ya zama an ƙwace daga bakin ƙarami an ƙara wa babba. Gwamnatin da ke roƙon jama'a su tsuke bakin aljihu, ita ya kamata a fara gani ta ajiye makullin mota ta ɗauki waya.