DARASIN KAKURI: KADA KA BAR HAKKINKA A ALJIHUN MAI GIDA

Jama'a, duk wanda ya ƙetare gadar kogin Kaduna ya nufi kudu, ya bi ta Makera ya shiga Kakuri, zai ga abin da ba sai an gaya masa ba. Ga dogayen gine-gine, ga manyan ƙofofi a garƙame, ciyawa ta cinye fili. Nan ne masaƙu su ke. Dattawan unguwa sun san lokacin da jiniya kan yi kuka a canja ma'aikata, kekuna su cika hanya har mai mota ya tsaya ya jira, masu tuwo da masu ƙosai su sayar da kome kafin rana ta take. Yau jiniya ta yi shiru. Mun ɗauko wannan magana gama akwai darasi a cikinta wanda ya shafi kowane mai cin abinci da guminsa, ma'aikaci ne ko ɗan kasuwa.

Cikin 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles, wadda kowa ya sani da KTL. Gwamnatin Jihar Arewa ta zamanin Sardauna ita ta kafa ta, tare da wani kamfanin Ingila mai suna David Whitehead, domin audugar Funtuwa da Gusau da ƙasar Zariya ta zama akoko a nan gida. Cikin shekarun 1960 sai ga Nortex, ga Arewa Textiles da hannun mutanen Japan, ga UNTL ta 'yan kasuwar Hong Kong. Cikin 1975 kamfanin motocin Peugeot ya zo ya zauna kusa da su. Mutane dubbai suka kwararo daga kowace kusurwa, Bahaushe da Bajju, Tibi da Idoma, Banufe da Igala, Bayarabe da Ibo. Albashinsu shi ya raya Kakuri da Nasarawa da Barnawa.

To, a kowace masaƙa, kamar kowane babban kamfani, akwai ofishi guda wanda ma'aikaci ba shi da ikon kauce masa, watau ofishin kula da ma'aikata. Nan a ke ɗaukar mutum, nan a ke rubuta lattinsa da fashinsa, nan a ke ba shi takardar gargaɗi, nan kuma a ke miƙa masa takardar sallama. A zamanin nan an raɗa wa wannan ofishi sabon suna mai daɗin ji, a kan kuwa ce wa sabon ɗauka, "Mu nan duk 'yan gida ɗaya ne, in kana da kuka kawo mana, ba ka bukatar ƙungiya." Ba mu ce manajan ma'aikata maƙiyi ne ba. Akwai na kirki da yawa a cikinsu, shi ma kuwa ɗan albashi ne kamar kowa. Amma a tambaya, wa ya ɗauke shi? Wa zai kore shi? Ran da bukatar mai gida ta yi karo da ta lebura, ba shi da zaɓi sai ya tsaya inda tuwonsa ya ke. Saboda haka ofishin nan na mai gida ne. Abin da ya ke na ma'aikaci shi ne ƙungiyarsa.

Wannan ba sabuwar magana ba ce. Cikin Yuni 1945 ma'aikatan reluwe da na sauran ma'aikatun Gwamnati, Michael Imoudu yana gaba, suka ajiye aiki fiye da kwana 40 saboda tsadar da yaƙi ya kawo, har Turawa suka naɗa kwamiti, aka ƙara kuɗin tsadar rayuwa. Ran 18 ga Nuwamba 1949 'yan sanda suka harbe masu haƙar gawayi 21 a Iva Valley ta Inugu, ba su riƙe da kome sai kukan hakkinsu. Cikin Yuni 1964 kuma, bayan mun sami mulkin kai, Gwamnati ta yi ta jan ƙafa a kan rahoton kwamitin Morgan na gyaran albashi, sai da ƙasa duka ta tsaya cik kusan mako biyu tukuna aka zauna da ma'aikata. Ku duba da kyau, ko ɗaya daga cikin waɗannan ba a ba da shi kyauta ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Cikin 1978 aka harhaɗa ɗaruruwan ƙananan ƙungiyoyi suka koma manya 42 a ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙwadago ta Ƙasa, watau NLC. Ma'aikatan masaƙu da na ɗinki suka sami tasu guda, hedkwatarta kuwa a nan Kaduna ta ke. Daga nan ma'aikacin masaƙa ya daina shiga ofis shi kaɗai yana murza hula. Ƙungiya kan zauna da ƙungiyar masu masaƙu ta ƙasa duka, a yi ciniki a kan albashi da kuɗin haya da na mota da hutu da kuɗin sallama, a rubuta, kowa ya sa hannu. In heluma ya zalunci yaro, akwai wakili a cikin ɗakin saƙa wanda zai bi maganar mataki mataki. Masu masaƙa masu hankali ma sun ga amfanin wannan, gama kukan da ya shigo ta ƙofa ya fi wanda zai shigo ta taga da duwatsu. Daga wannan ƙungiya Adams Oshiomhole ya fito. A Arewa Textiles ya fara aiki, ya zama babban sakataren ƙungiyar cikin 1982, ya zama shugaban NLC cikin 1999.

Sa'an nan ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyaran inji da sinadarin rini suka yi tsada. Wutar lantarki ba ta tsayawa, baƙin mai na tukunyar tururi ya yi wuya, injuna sun tsufa ba a sake su ba. Aka buɗe ƙofa ga yadin waje, na fasa-ƙwauri kuma ya yi ta shigowa ta kan iyaka, atamfar Sin mai araha ta cika kasuwa. KTL ta rufe cikin 2002. Arewa Textiles da Nortex da Finetex suka bi. UNTL ta rufe cikin 2007, aka sake buɗe ta cikin 2010, amma ba ta koma yadda ta ke a da ba.

Ga inda darasin ya ke. Kuɗin sallama da aka yi ciniki a kansa, aka rubuta, aka sa hannu, ina aka ajiye shi? A littafin kamfani. Lamba ce a takarda, kuɗin kuwa yana cikin jarin mai gida yana juyawa. Da kamfani ya faɗi, hakkin ya faɗi tare da shi. Yajin aiki makami ne muddin inji yana juyawa. Ran da inji ya tsaya, wane aiki za ka ajiye ka tsorata wani? Haka ma'aikatan KTL suka shafe shekara da shekaru suna zarya da kwalaye a hannu, daga wannan ofis zuwa wancan, da yawa suka rasu ba su karɓa ba, matansu da 'ya'yansu suka gaji zaryar. Abin kunya kuwa, masaƙar nan ba ta wani baƙo ba ce wanda ya kwashe kayansa ya hau jirgi. Mallakar jihohin Arewa 19 ce. Masu ikonta su ne waɗanda kan zo neman ƙuri'armu.

Kada shugabannin ƙwadago su ce mun ƙyale su. Tun 1978 a kan yanke kuɗin ƙungiya daga albashi kafin ya shiga hannun ma'aikaci, kowa ya ci ladan kuturu kuwa sai ya yi masa aski. Shugaban da ya fi sanin kujerar ofishin manaja da zafin ɗakin saƙa ya kusa zama manaja na biyu. Cikin 1993 ma'aikata da kansu suka fusata a kan maganar albashi, suka far wa hedkwatar ƙungiyarsu a nan Kaduna. Ba mu yaba ɓarna ba, gama wanda ya rushe rumfarsa shi rana za ta doka. Amma abin ya nuna mana cewa ƙungiyar da ba ta karanta wa membobinta lissafi, ba ta gaya musu gaskiyar abin da aka yi a ɗakin ciniki, tana tara wa kanta wuta.

Yau 'ya'yan waɗancan ma'aikata suna aiki a gidajen burodi da na ruwan leda, da gidajen mai, da kamfanonin gadi, da makarantun kuɗi. Da yawansu ba kamfanin da su ke yi wa aiki ya ɗauke su ba, ɗan kwangila ne ya kawo su. Ba takarda, ba hutu, ba fansho, ran da aka gaji da mutum sai a ce kada ya zo gobe. Wanda ya ambaci ƙungiya, shi a ke fara nuna wa ƙofa. Ga shi kuwa doka tana nan, mutane ne ba su san ta ba. Sashe na 40 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa ikon shiga ƙungiyar ƙwadago. Dokar Ƙwadago ta 1974 ta ce kafin wata 3 ya cika, lalle mai gida ya ba ma'aikaci takarda mai bayyana aikinsa da ladansa da yadda za a rabu. Ta ce kuma in za a rage ma'aikata sai an sanar da ƙungiya dalili, a yi magana a kan kuɗin sallama. Dokar fansho ta 2004, wadda ta zo shekara biyu bayan rufe KTL, aka kuma gyara ta cikin 2014, ta ce mai gida ya zuba kashi 10 cikin 100, ma'aikaci kashi 8, a asusu mai sunan ma'aikacin, ba a aljihun kamfani ba. Mafi ƙanƙantar albashi kuwa naira 70,000 ne tun 2024, ko da ya ke dokar ta tsame wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Akwai kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa domin irin wannan shari'a. Amma doka ba ta da ƙafa. Yaro ɗaya mai tsoron kora ba zai kai ta ofis ba, sai in akwai mutum hamsin a bayansa.

'Yan kasuwa, kada ku ce ba ruwanku. Wa ya ke sayen shinkafarku da manjanku a Kasuwar Monday in ba mai albashi ba? Ku tuna littafin bashi da a kan share a ƙarshen wata, ku tuna yadda ya cika ya tumbatsa sa'ad da masaƙu suka rufe. Mai gidan haya ya ji a jikinsa, tela ya ji, mai nama ya ji, manomin auduga a Funtuwa ma ya ji. Mun sani yajin aiki yana taɓa ku. Cikin Mayu 2021, da NLC ta yi yajin kwana uku a kan korar ma'aikatan Gwamnatin Kaduna, an ɗauke wuta, bankuna sun rufe, ciniki ya tsaya. Amma ku auna asarar kwana uku da asarar mai sayen da aka kora har abada. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Wanda kuma ya ke da yaran shago a cikinku, ya fara da kansa: ya yanka musu lada a gaban shaidu, ya faɗi ranar da zai sallame su da jari, ya cika.

Akwai wani abu kuma da muka yi asara. A ɗakin saƙa Musulmi da Kirista kati ɗaya su ke riƙewa, wakili ɗaya su ke zaɓa. Bayan tashin hankalin 2000 da na 2002, kogin nan ya zama iyaka, kowa ya koma gefen da ya ga nasa. Duk wanda ya zo ya ce maka kada ka haɗa kai da abokin aikinka saboda addininsa ko yarensa, ka dubi hannunsa da kyau. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Saboda haka ga abin da mu ke kira a kai:

Na ɗaya, Gwamnonin Arewa 19 su buga lissafin ma'aikatan KTL a fili, suna bayan suna, wanda aka biya da wanda ya saura, su sauke nauyin rayayyu da na magadan waɗanda suka rasu kafin a yi wata magana a kan filin masaƙar ko injunanta.

Na biyu, kowace ƙungiya in ta zauna ciniki ta nace a riƙa fitar da kuɗin sallama wata wata, a ajiye shi wajen amintattu inda bashin kamfani ba zai taɓa shi ba.

Na uku, kowane ma'aikaci ya nemi takardarsa, ya adana takardar albashinsa, ya riƙa duba asusun fanshonsa, gama akwai masu yankewa ba su zuba ba.

Na huɗu, shugabannin ƙwadago su fito daga ofis su nemi 'yan kwangila da masu gadi da 'yan gidan burodi, kamar yadda ƙungiyar masaƙu ta jawo teloli masu zaman kansu cikinta, su kuma karanta lissafin kuɗin ƙungiya a gaban taro kowace shekara.

Na biyar, Ma'aikatar Ƙwadago ta tura sufetocinta su shiga kamfanoni ba da sanarwa ba, su yi magana da lebura inda manaja ba ya ji.

Iyayenmu na Kakuri sun yi aiki da gaskiya, sun amince da alkawari, sun bar hakkinsu a hannun wani sai ranar rabuwa, ranar ta zo hannun ba kome. Wanda ya ga haka da idonsa ya sake barin nasa a can, ba shi da wanda zai zarga. Ku karanta wa wanda bai iya karatu ba, ku kai maganar nan rumfa rumfa. Allah ya ba mai gumi ladan guminsa.