Dodon Zamani Ya Bar Daji Ya Shiga Waya

'Yan uwa mazauna Sabo, Agege, Shagamu da sauran zangunan kudu.

Kowa ya san tatsuniyar yarinyar nan da ta ce ba za ta auri mai tabo ba. Dodo ya ji labari, ya rikiɗe ya zama saurayi kyakkyawa, aka ɗaura aure, ya tafi da ita. Sai da suka yi nisa a daji ya koma kamanninsa na asali.

A ganina lokaci ya yi da za mu riƙa ba 'ya'yanmu wannan labari da kayan zamani, a matsayin labarin aikata laifi. Yaron da aka haifa a Legas ko Ibadan bai san daji ba, bai san kukar aljanu ba, don haka dodon kaka ba ya ba shi tsoro. Amma ya san waya. Dodon yau hoton aro yake sawa, da sunan aro, da alkawarin aure ko na aiki.

Ba ƙirƙira ba ce. A shekarar 2012 wasu samari sun yi abota da wata ɗaliba ta Facebook, suka yaudare ta ta zo Legas da sunan harkar kasuwanci, suka kashe ta a wani otal a Festac. Kotu ta yanke wa biyu daga cikinsu hukuncin kisa a 2017. A 2021 kuma a jihar Akwa Ibom aka gayyaci wata budurwa ganawar neman aiki na ƙarya, ba ta dawo da rai ba. Abin da ya taimaka aka gano mai laifin shi ne ƙawarta ta san da tafiyar, ta yi kururuwa a intanet.

Wasu za su ce wannan tsorata yara ne. To ai tatsuniya dama da tsoro take koyarwa, kakanninmu ba su ɓoye mana dodo ba. Gara yaro ya ji tsoro a gaban uwarsa da ya ji shi a ɗakin otal.

Sai dai akwai gyara ɗaya. Tsohuwar tatsuniya ta fi ɗora laifi a kan yarinya, wai ruwan ido ne ya ja mata. In mun sake ba da labarin, mu ɗora laifin a kan dodo. Yarinyar da ta san zagi za ta sha ba za ta faɗa wa kowa wanda take magana da shi ba, kuma wannan shirun shi dodo yake nema.

A gida, kafin a ba da aure sai an binciki asali. A nan muna zaune cikin baƙi, binciken ya yi wuya, amma muna da Sarkin Hausawa da limamai, ga kuma hukumar NAPTIP da aka kafa a 2003 don yaƙi da safarar mutane. Mu yi amfani da su.

Allah Ya tsare mana zuri'a, amin.