Gargaɗi ga Masu Jifan 'Yar Wasa

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai. Bayan haka, ya ku malamai da almajirai, ku sani Rahama Sadau 'yar Kaduna ta shiga wasan fim a 2013. A 2016 ƙungiyar masu fim ta kore ta, don ta rungumi wani mawaƙi cikin hoton waƙa. Munkari ne, babu shakka, ta kuwa nemi gafara. To, wa ya halatta muku jifanta da alfasha? Haddin ƙazafi bulala 80 ne cikin Suratun Nur. Da rana ku zage ta, da dare iyalanku suna kallon wasanta. Shehu Usmanu ya zargi malaman da suka bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Ku fara karantar da naku. Wassalamu.