Sharhi: Kuɗin hannu ko katin guzuri? A gyara katin kafin a ce matafiya su amince da shi

Babu makon da zai wuce ba tare da ƴan kasuwa daga Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai sun kama hanyar Dubai, Santambul, Guangzhou ko Kano domin saro kaya ba. Kowace shekara kuma dubban maniyyata na tashi zuwa ƙasa mai tsarki, kowa da ɗan abin da ya tanada na abinci da tsaraba. Dukansu tambaya ɗaya ke gabansu kafin su bar gida: ta wace hanya za a ɗauki kuɗin? Har yanzu amsar mafi yawan mutane ita ce a je wurin ɗan canji, a mayar da sefa dala ko yuro, a ɗaure a lalita. Bankuna kuwa sun daɗe suna tallata katin da ake loda wa kuɗi tun daga gida, wanda za a iya kira katin guzuri.

Wannan jarida na ganin cewa ɗaukar jari gaba ɗaya a jiki kasada ce da ya kamata a rage, kuma kati na iya rage ta. Sai dai katin, kamar yadda ake sayar da shi a yau, bai gama cancantar amanar ɗan kasuwa ko alhaji ba. Aikin da ke gaban bankuna da magabata shi ne su gyara shi. Zargin jama'a da rashin wayewa ba zai sa ko mutum ɗaya ya ajiye lalitarsa ba.

Yana da kyau a fara da bayanin abin da katin yake. Ba a haɗa shi da asusun ajiyar mutum ba, kuma ba bashi ba ne. Mai shi yana zuba masa adadin da ya ga dama, ya kashe abin da ya zuba kawai; in ya ƙare, ya ƙare. Saboda haka babu batun kuɗin ruwa a kansa, abin da ke sa mutane da yawa gudun katin bashi. Yawancin irin waɗannan katuna na ɗauke da tambarin Visa ko Mastercard, shi ya sa suke aiki a na'urorin cire kuɗi da shagunan ƙasashen waje. In katin ya ɓace ko aka sace shi, ana iya kiran banki a rufe shi, kuɗin da ya rage yana nan. Takardar dala ɗari kuwa in ta faɗi a cikin cunkoson Harami ko kasuwar Deira, ta tafi ke nan.

Ɓarawo ba shi kaɗai ba ne haɗarin kuɗin hannu. Akwai doka, wadda matafiya da yawa ba sa saninta sai sun tsaya gaban jami'in duwan. Mai shiga ko fita Tarayyar Turai da yuro 10,000 ko fiye wajibi ne ya bayyana su. A Saudiyya iyakar a shekarar 2025 ita ce riyal 60,000, a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa dirhami 60,000, a ƙasar Sin kuwa kuɗin waje da ya haura dala 5,000. Wanda bai bayyana ba yana iya fuskantar tara ko a riƙe masa kuɗin, ko da kuwa halak ɗinsa ne. A gida ma akwai ƙa'ida. Dokar musayar kuɗi ta UEMOA ta shekarar 2010 ta ƙayyade takardun kuɗin waje da mazaunin yankin zai fita da su a kan kwatankwacin sefa miliyon 2 a kowace tafiya, abin da ya haura sai a ɗauke shi ta wata hanya kamar kati. An sake wa dokar fasali a ƙarshen 2024, don haka ya zama dole matafiyi ya tambayi bankinsa adadin da ake aiki da shi a yau kafin ya sayi tikiti.

Sannan akwai asarar da ba a gani. Wanda ya sayi dala a Maraɗi ya je Dubai ya mayar da ita dirhami ya yi canji sau biyu, kuma kowane ɗan canji ya ci ribarsa. Tsofaffin takardun dala da waɗanda suka ɗan yage ana ƙin karɓarsu a wurare da yawa, ko a karya musu daraja. Ga jabun kuɗi, wanda sau da yawa mutum ba ya gane ya ɗauko shi sai ya miƙa shi a inda ba shi da kowa.

In haka ne, me ya sa mutane ke nan daram a kan kuɗin hannu? Dalilin farko shi ne abin da ya faru a 2023, shekarar da ta koya wa mutanen kudancin Nijar darasi biyu masu karo da juna. A watan Oktoban 2022 Babban Bankin Najeriya ya ba da sanarwar sauya fasalin takardun naira 200, 500 da 1,000. A farkon 2023 waɗanda ke riƙe da tsofaffin takardu a wannan gefen iyaka suka shiga neman yadda za su rabu da su kafin wa'adi, wasu da faɗuwa. Wannan darasi ne a kan haɗarin tara takarda. Amma a daidai wannan lokacin waɗanda kuɗinsu ke banki a Kano da Katsina sun kwana a layi ba su samu abin cefane ba. Bayan watanni kaɗan, sakamakon sauyin mulkin 26 ga Yuli, takunkumin CEDEAO da UEMOA ya faɗo kan Nijar, bankuna suka taƙaita abin da mutum zai iya cirewa daga kuɗinsa na kansa, har zuwa lokacin da aka ɗage takunkumin a watan Fabrairun 2024. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ɗan kasuwar da ya taɓa tsayawa a gishe aka ce masa ya dawo gobe yana da hujjarsa in ya ce kuɗin da ke aljihunsa ne kawai nasa.

Dalili na biyu yana jikin katin kansa. Ana biyan kuɗin sayensa, a wasu wuraren a biya na lodi, a biya na cirewa a na'urar waje, sannan a yanki wani kaso a kan kowane saye da aka yi da kuɗin da ba sefa ba. Ba laifi ba ne banki ya ci ladan aikinsa. Laifin shi ne mai katin ba ya sanin jimillar abin da za a yanka sai ya dawo gida ya ga saura. A ɗauki misali: in duka waɗannan caje-caje suka kai kashi 3 cikin ɗari, wanda ya kashe sefa miliyon 2 ya bar jika 60 a hanya. Ga mai saro atamfa ko kayan waya, wanda ribarsa a kan kowane ƙunshi ba ta taka kara ta karya ba, wannan kuɗi ne da dole ya shiga lissafi tun kafin tafiya.

Akwai kuma iyakar abin da za a iya kashewa ko cirewa a rana, wadda ta isa ɗan yawon buɗe ido amma ba ta isa mai sari ba. Akwai otal-otal da ke riƙe wani adadi a kan kati a matsayin jingina, ba sa sakinsa sai bayan kwanaki, mutum ya ga kuɗinsa a rubuce amma ba zai iya taɓa shi ba. Akwai lambar tabbatarwa da banki ke aikowa ta saƙon waya zuwa layin Nijar, alhali layin ba ya aiki a inda mutum yake. Akwai na'urar da ke haɗiye kati a daren Juma'a. Sannan a manyan kasuwannin sari, dillalai da yawa sun fi son tsabar kuɗi, wasu kuma in sun karɓi kati sai sun ɗora wani abu a kan farashi.

Abin da ya faru a Najeriya kan guzurin alhazai ya isa izina. A farkon 2024 Babban Bankin ƙasar ya umarci a daina ba matafiya kuɗin guzuri a hannu, sai ta kati da makamantansa. Da aikin hajjin 2025 ya gabato, hukumar alhazan ƙasar ta yi kuka cewa maniyyata da yawa, musamman tsofaffi da mutanen karkara, ba su saba da na'ura ba, kuma za su wahala. Daga ƙarshe aka amince a ba su guzurinsu a hannu. Manufar ba ta da aibu, amma an sa doka gaba kafin a shirya mutane. Bai kamata Nijar ta maimaita wannan ba.

Gaskiyar magana, amsar tambayar ta danganta da inda aka dosa. Mai zuwa Lome, Abidjan ko Wagadugu bai fita daga yankin sefa ba. Ƙasashe takwas na UEMOA kuɗinsu ɗaya ne, kuma katin da ke kan tsarin GIM-UEMOA yana aiki a cikinsu ba tare da canji ba. A nan babu dalilin ratsa doguwar hanya mai shingaye da miliyoyi a jaka. Mai zuwa Faransa ko wata ƙasar yuro ya sani cewa darajar sefa a ɗaure take, yuro ɗaya kusan sefa 656 ne tun 1999. Duk abin da aka cire masa sama da haka ladan banki ne, ba hawa da saukar kasuwa ba, kuma yana da ikon ya tambayi dalili. Riyal da dirhami kuwa da dala aka ɗaure su, dala ɗaya riyal 3.75, saboda haka tsadarsu a sefa na bin yadda yuro ke yi da dala. A ƙasar Sin ciniki ya koma waya ta Alipay da WeChat Pay, kuma tun 2023 baƙo na iya haɗa katinsa na Visa ko Mastercard da su. A can mai kati ya fi mai takarda sauƙin sayen abinci da biyan mota. Kano da Katsina lamarinsu daban ne: huldar ƴan canjin kan iyaka da ƴan kasuwar Kantin Kwari ko Dawanau ta girmi kowane kati, kuma ba za ta gushe ba muddin ta fi sauri da araha.

Saboda haka akwai abubuwan da ya wajaba a yi. Bankuna su rubuta duk cajin katin a takarda ɗaya, da Faransanci da Hausa da Zabarmanci, tare da misali a sefa: in ka kashe kaza a Saudiyya, kaza za a cire. Su buɗe layin da ake amsawa dare da rana, da harshen da mai kira ke ji, wanda kuma ake iya samu daga waje. Su faɗi kwana nawa ake ɗauka kafin a mayar wa mutum kuɗin da na'ura ta ci ba ta ba shi ba, su kuma cika alkawarin. Reshen BCEAO na Nijar ya sa ido a ga an yi hakan, ya kuma wallafa farashin bankuna gefe da gefe domin mai saye ya zaɓa. Hukumar duwan ta manna ƙa'idar fita da kuɗi a filin jirgin Diori Hamani da manyan tashoshin kan iyaka da harsunan ƙasa. Hukumar COHO da kamfanonin jigilar alhazai su sa koyon amfani da kati cikin bitar maniyyata, da na'ura a gabansu, ba da baki kawai ba, kuma a bar wa kowa zaɓinsa. Majalisar ƴan kasuwa da ƙungiyoyinsu na jihohi su zauna da bankuna a kan iyakar kashewa da ta dace da mai sari, su kuma tunatar da manyan ƴan kasuwa cewa babbar odar kaya ta banki doka ta tanadi a biya ta.

Shi ma matafiyi yana da nasa. Ya raba guzurinsa: kaso mafi girma a kati ko ta hanyar banki, kaɗan a hannu na mota, abinci, ɗan dako da ƙananan shaguna, kuma kada ya ajiye su wuri ɗaya. Ya gwada katin a gida kafin ya tashi. Kada ya rubuta lambar sirri a jikin katin, kada ya miƙa shi ga wanda bai sani ba da sunan taimako a gaban na'ura. In na'ura ko mai shago ya tambaye shi da wane kuɗi za a caje shi, ya zaɓi kuɗin ƙasar da yake ciki, domin canjin da na'urar ke yi da kanta yawanci ya fi tsada. Ya adana takardar ɗan canji da ta banki, su ne shaidarsa a gaban duwan. Ya kuma rubuta lambar rufe kati a wata takarda dabam, ya bar kwafinta wurin iyalinsa.

Kuɗin da ake magana a kai jarin shekaru ne na mai shago a babbar kasuwar Maraɗi, ko kuɗin shanun da dattijo ya sayar a Tawa domin ya sauke farali. Mai irin wannan kuɗi ba ya canja hanya saboda talla. Zai canja ne ranar da maƙwabcinsa ya dawo daga Dubai ya ce masa katin ya yi aiki, abin da aka cire shi ne abin da aka faɗa masa tun farko, kuma da ya kira banki da tsakar dare an ɗauka. Samar da wannan shaida aikin bankuna ne da masu sa musu ido, kuma lokacin fara shi shi ne kafin jigilar alhazai ta gaba.