Sojan Aro Ba Ya Riƙe Ƙauye

Akwai masu cewa da zarar tawaye ya ɓulla a karkara, maganinsa kawai a kirawo sojan Turawa. Hujjarsu ita ce Sawaba. Mu kuwa mun ce ba su karanta tarihin da kyau ba.

Sawaba jam'iyyar Jibo Bakari ce, wadda ta yi ƙarfi a Maraɗi da Tasawa da Damagaram. Ta nemi a ce wa Faransa "a'a" a ƙuri'ar 1958, aka kayar da ita, aka haramta ta a 1959. 'Ya'yanta suka je Sin da Aljeriya da Biyetnam ta Arewa suka koyo yaƙin sunƙuru, sa'an nan suka kutso Nijar a ƙarshen 1964. Ko shakka babu Faransa na bayan Jori Hamani da soja da masu ba da shawara. Amma wa ya kama 'yan tawayen? Galibi mutanen ƙauye ne da sarakunansu, waɗanda aka tsoratar, aka kuma gaya musu baƙi ne suka zo. Inda talaka ya buɗe baki, nan tawayen ya mutu. Kuma Faransar nan ba ta hana Saini Kunce kifar da Jori a 1974 ba, lokacin da fari da yunwa suka gama ƙona zukatan jama'a.

To, sai su ce ai Ingila ta yi nasara a Malaya tsakanin 1948 da 1960. Haka ne, amma a duba yadda aka yi. Yawancin 'yan kwaminis ɗin can Sinawa ne, waɗanda ba su da rinjaye a ƙasar. Ingila ta kwashe mutane wajen rabin miliyan ta tsugunar da su a sababbin ƙauyuka masu shingen waya don a yanke wa 'yan daji abinci, ta kuma ba ƙasar 'yanci a 1957, abin da ya raba 'yan tawaye da babbar hujjarsu. Wace gwamnati ce za ta iya wannan aika-aika a yau, ta kwana lafiya?

A Biyetnam, inda manomi ya ga sojan Amurka a matsayin magajin Faransa, sama da soja dubu 500 ba su hana Saigon faɗuwa a 1975 ba.

Abin da ya sa muke tada wannan magana shi ne, 'yan bindigar da suka addabi ƙasar Kontagora ba 'yan kwaminis ba ne, amma kiran da ake yi na a kawo sojan waje iri ɗaya ne. Baƙon soja bai san hanyar rafi ba, bai san ɗan wane ke kai wa daji gero da man fetur ba. Manomin Dukku ya sani. Sai dai ba zai faɗa ba muddin ya tabbata jirgin zai tashi gobe ya bar shi da waɗanda ya tona wa asiri.