Tafintan Lugga Ya Sake Riga



Akwai wata magana da ta fara yawo a ɗakunan kwananmu, musamman a bakin 'yan ajin ƙarshe masu nazarin harsuna da kimiyyar siyasa. Wai an gano sabuwar hanyar arziki: mutum ya goge Turancinsa, ya ƙara da Faransanci ko Larabci, ya nemi aiki wajen masu "haɗin gwiwar tsaro", watau ofisoshin soja da ke cikin gidajen jakadancin manyan ƙasashe, da kamfanonin da ke yi musu kwangila, ya riƙa karɓar albashi da dala. Har na ji wani yana cewa ai wannan hidima ce ga zaman lafiya. To, ni dai ban yarda ba, kuma ga dalilaina.

Da farko mu san abin da muke magana a kansa. A Amurka wannan sana'a ce sosai, mai makaranta da matakan girma. A ƙarƙashin ma'aikatar tsaronsu akwai wata hukuma, DSCA, mai kula da cinikin makamai tsakanin gwamnati da gwamnati, da horar da sojojin ƙasashen waje. A 2019 har jami'a suka buɗe domin ma'aikatan wannan fanni. Akwai kuma hafsoshin da akan ware, a koya musu harshe da tarihi da al'adun wani yanki na duniya, sa'an nan a tura su can. Waɗannan manyan kujeru na 'yan ƙasarsu ne kawai. Abin da akan bar wa irina da irinku shi ne fassara, da shirya tafiya, da raɗa wa maigida wane ne mai faɗa a ji a wane gari. Kada kuma a zaci sadaka suke yi. Cinikin da ya bi ta hannun hukumar nan, ana ɗora wa mai saye ladan gudanarwa, wanda a 2018 aka tsayar a kan 3.2 cikin ɗari. Watau mai saye shi ke biyan albashin magatakardan mai sayarwa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi!

Wannan aiki ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Kafin igwar Gwamna Lugga ta dira ganuwar Kano a 1903, sai da aka sami irin su Adamu Jakada suna kai wasiƙa fada, suna komowa da labari. Sojojin da suka ɗauki bindigogin ma, da yawansu Hausawa ne, Turawan ba su taka kara sun karya ba wajen yawa. Ashe ba a cin ƙasa da bindiga kaɗai, sai da ɗan gari mai harshe biyu. Jiya sunansa tafinta, yau sunansa jami'in hulɗa, yana da kwat da kwamfuta. Riga ce aka sake.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce Boko Haram da 'yan bindiga sun addabe mu, mu kuwa ba mu ƙera jirgin yaƙi, ina laifin neman taimako? Babu laifi. Amma mu dubi yadda taimakon yake zuwa. A 2014, lokacin da Boko Haram ke cin garuruwa a Barno da Adamawa, Nijeriya ta nemi sayen jirage masu saukar ungulu samfurin Cobra daga Isra'ila, Amurka ta hana, tana kafa hujja da take haƙƙin ɗan Adam. Mu faɗi gaskiya, sojojinmu ne suka ba ta wannan hujja. A watan Janairu na 2017 jirginmu ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira na Rann, aka dakatar da maganar sayar mana da jiragen Super Tucano. Gwamnati na sakewa a Washinton, cikin shekarar nan aka amince da cinikin jirage 12. Me ya sake? Matattun Rann ba su tashi ba. A 2018 aka fitar da dala miliyan 496 daga asusun rarar man fetur kafin Majalisa ta amince, jiragen kuma ba su iso ba sai 2021. An hana mu ran da aka ga dama, an ba mu ran da aka ga dama, kuɗin kuwa namu ne.

Ku tsallaka Nijar. Amurka ta kashe wajen dala miliyan 110 ta gina sansanin jirage marasa matuƙi a Agadas. Da aka kashe sojojinta huɗu a Tongo Tongo a 2017, wasu sanatocinta da bakinsu suka ce ba su san suna da sojoji masu yawa haka a ƙasar ba. In sanata a Washinton bai sani ba, ina ga manomi a Tilaberi? A 2023 sojoji suka kifar da Shugaba Bazoum, kuma cikinsu har da Janar Barmou, wanda Amurka ta horar. Faransa ta kwashe sojojinta a ƙarshen 2023, Amurka ta bi sahu a 2024. Amma kada mu yi saurin guɗa, domin a watan Afrilu na 2024 masu horarwa na Rasha suka sauka Yamai. Sake ubangida ba 'yanci ba ne. Su ma da tafintocinsu.

A nan gida kuma, ran 25 ga Disamba 2025 Amurka ta kai hari a Jihar Sakkwato, gwamnatinmu ta ce da saninta aka yi, cikin haɗin gwiwar tsaro. To, wane sharaɗi aka yi? In makami ya kuskure ya faɗa kan talaka, wa za a tuhuma, a gaban wane alƙali? Ku da ke karanta wannan, wa ya taɓa ganin takardar?

Ɗaliban da suka gabace mu ba su yi shiru ba. A 1960, da aka ƙulla yarjejeniyar tsaro tsakanin Nijeriya da Ingila, ɗaliban Jami'ar Ibadan suka yi tattaki har majalisa a Ikko. Ba su da bindiga, amma a watan Janairu na 1962 gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta soke yarjejeniyar. Su sun yaga takarda, mu kuma muna layin neman aikin fassara ta.

Ba ina cewa a guje wa wannan ilmi ba ne. Sam! Babbar cutarmu ma ita ce, su sukan zo teburin shawara da mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana nazarinmu, mu kuwa mu tura wanda ya sami kujera ta hanyar ubangida, hankalinsa na kan kuɗin guzuri. Saboda haka ku koyi dokar ƙasa da ƙasa, ku koyi karatun kwangila, ku koyi harsunansu. Amma ku zauna a ɓangarenmu na teburin: a ma'aikatar harkokin waje, da ta tsaro, da kwamitocin Majalisa, da gidajen jarida. Malamanmu kuma, don Allah ku sa tarihin waɗannan yarjeniyoyi cikin darasi. Mu 'yan Ƙungiyar Hausa, in fassara muke so, ga aiki nan: mu nemi a fito da kowace yarjejeniya fili, mu mai da ita Hausa, talakan da jirgi ke shawagi bisa kansa ya ji abin da aka sa hannu da sunansa.

Yunwa gaskiya ce, neman aiki kuma ba wasa ba ne, na sani. Amma kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Kafin ka karɓi dala, tambayi kanka askin wa za a sa ka.

Allah ya sa mu gane, amin.